Kwanon Gidan Akawu

Shekara talatin da ɗaya na yi ina dafa wa maza takwas tuwon dare, kuma in an cire mijina, babu wanda na taɓa tsayawa na kalli fuskarsa da kyau a cikinsu. Muryoyinsu na sani. Na san tarin kowa, na san mai siɗe hannu da ƙara, na san wanda ba ya haɗiye loma sai ya yi nishi. A cikin shekarun wani ya mutu, wani ya tashi daga unguwar, wani ya shigo, amma yawansu bai cika wuce takwas ɗin ba.

A unguwarmu a Illela magidanta ba sa cin abincin dare a cikin gida. Da an sallame magariba kowa zai shiga gidansa ya ɗauko kwanonsa, a haɗu a ƙofa ɗaya, a shimfiɗa tabarma, a riƙa buɗe kwanonin ɗaya bayan ɗaya ana ci tare har a gama da su. Ita ce ciyayya. Ta unguwarmu a ƙofar gidanmu ake yin ta, ba don mun fi kowa ba, sai don muna da dakali mai faɗi da bishiyar dogon yaro. Mijina ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, daga Sakkwato aka turo shi, kuma har ya koma ga Allah ba a kiransa da komai sai Akawu. Ni matar Akawu ce, kwanona kuma kwanon gidan Akawu.

Madafina a jikin katangar waje yake, dakalin yana bayanta, kuma magini ya bar 'yar kafa a sama don hayaƙi ya fita. Hayaƙin bai taɓa bin ta yadda ya kamata ba, amma magana tana shigowa ta nan tsaf.

Da aka kawo ni amarya daga Sakkwato ban iya tuwo ba. A gidanmu hannaye sun yi yawa, ni kuma makaranta aka sa ni, abin da na iya bai wuce dafa shinkafa da soya ƙwai ba. Kwanona na farko ya fita ya dawo kusan yadda ya tafi, an ɗan gutsuri gefen malmala biyu don kada a ce ba a taɓa ba. Akawu ya ajiye shi a hankali ya ce wai yau mutanen a ƙoshe suke. Ni kuwa ina jin su ta kafar nan suna kankare kwanon maƙwabta har ƙarfe na kuka. Na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na zuba wa kaji tuwon, su ma suka yi ta zaɓe.

Ba ni da kowa a garin da zan tambaya. Matan unguwa sun riga sun sa mini suna 'yar birni, ni kuma Allah ya yi ni da taurin kai, gara in ƙona tukunya goma da in je wata ta yi mini dariya. Sai na koma koyo daga bayan katanga. Maza ba sa kushe abincin matar wani, ko da wasa, amma na gane suna da tsari da ba wanda ya taɓa faɗinsa. Babbansu, malamin makarantar allon unguwar da kowa ke kira Malam, shi ke buɗe kwano. Da kwanon da ba a yarda da shi ba yake farawa, lokacin da yunwa ke da ƙarfinta, wanda aka fi so kuma a bar shi ƙarshe. Shekara biyu cur, da an zauna sai in ji ya ce bisimilla, a fara da na gidan Akawu. Na kuma gane cewa in tuwo ya yi daɗi hira tsayawa take yi. In suna ci suna gardamar farashin albasa, to na san ban yi komai ba.

A ƙarshe dai na sauke girman kan na je wurin matar Malam, wadda ta girme ni da kusan shekara goma. Ta yi dariyar da nake gudu, har da riƙe ciki, sannan ta ja ni madafinta. Ashe gudajin da ke cika mini tuwo daga zuba gari gaba ɗaya ne a tafasasshen ruwa. Ta nuna mini yadda ake talge, a rufe a bar shi ya nuna har warin ɗanyen gari ya fita, kafin a ƙara gari a kama muciya. Ta ce kanwar da nake zuba wa miyar kuɓewa ta isa wanke kayan gida guda. Tun daga ranar nake ce mata Yaya, kuma ita kaɗai ce a garin na taɓa yarda ta ga gazawata.

Iya tuwo abu ne ɗaya, fitar da kwanon da ba zai ba mutum kunya ba kowace rana ta Allah da albashin akawu kuma wani abu ne daban. Albashin nan ko ashirin ga wata ba ya kaiwa. Kwana goman ƙarshe dabara ce kawai ke riƙe gidan, kuma ba yabon kai ba, a nan na fi matan da suka yi mini dariya. Ranar Lahadi da yamma, in kasuwa ta fara watsewa, Akawu kan biya wurin mahauta ya karɓo ƙasusuwan da ba wanda ya saya, in dafa su har su saki duk abin da ke jikinsu, romon ya kai ni Laraba. Albasa ita ce abin da garin nan bai taɓa rowarsa ba, sai in yanka ta da yawa in soya a ɗan man gyaɗa har ta kusa ƙonewa, in jefa daddawa a kai, ƙamshin ya tsallake katanga ya riga kwanon isa. Miyar yakuwa in ba nama, garin ƙuli-ƙuli ke ba ta jiki. Na kuma lura cewa ido ke fara ƙoshi: gari ɗaya ne, amma in na kwashe shi ƙananan malmala goma sha biyu sai su tashi suna hamdala, in na yi manya shida sai a ga kamar an yi musu ƙwauro.

A cikin takwas ɗin akwai wani dattijo masunci daga Kalmalo da ba ya zuwa sai ranar Lahadi, in ya ci kasuwa. Ba shi da gida a garin balle kwano, don haka busasshen kifi yake kawowa a ƙunshe cikin takardar siminti, ya ba Akawu ya shigo mini da shi. Wannan kifin shi ne kwanonsa. Ba na sa shi gunduwa-gunduwa, don mutum biyu ne za su samu, shida su yi kallo. Dakawa nake yi a turmi har da ƙayar, ya zama gari, in raba shi kashi uku, kowace loma ta ji kifi ba wanda ya ga kifi. Da irin wannan miyar, a shekarata ta bakwai, ranar ashirin da bakwai ga wata, ba ko tsokar nama a gidan, na ji an buɗe kwano shida ana ta surutu, sannan aka buɗe nawa, wurin ya yi tsit. Na zauna a kan turmi ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Abin da ba wanda ya sani, har Akawu bai gama sani ba, shi ne tare da su nake ci. Nakan ɗebi nawa a ƙaramin kwano in zauna a gindin katangar, in sun yi bisimilla in yi. 'Ya'yana mata biyu ne, da suna ƙanana suna gefena, da suka yi aure, ɗaya Sakkwato ɗaya Gusau, sai ya rage ni da katanga. Daga nan nake jin duniya: yadda sefa ta kwana, ko an buɗe boda ko an rufe, wa ya rasu a Amarawa, ko ruwa ya sauka a Tozai. Ina da ra'ayi a kan kowace magana. Akwai wani dillalin shanu a cikinsu da ba ya buɗe baki sai ya ƙara gishiri, wani lokaci in kasa daurewa in ja tsaki. Akawu in ya shigo da kwano sai ya ce, yau dai an ji ki. In ce to ya daina ƙarya mana.

Akawu ya rasu da damina, ciwon kwana tara. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don har yau ba na iya faɗinsa a tsare. Na shiga takaba, 'ya'yana suka yi sati uku suka koma gidajensu, maƙwabta suna aiko mini da abinci. Mutanen ciyayya ba su tashi daga ƙofar ba, don girmama mai gidan. Kowace magariba ina daga ciki ina ƙirga murfin kwano, shida, ran Lahadi ma shida, babu nawa. Wata huɗu da kwana goman nan muryoyinsu ne suka riƙe ni. Da rana gidan shiru yake yi har in riƙa jin motsin ƙadangare a kan kwanon rufi, amma na san in rana ta faɗi za a yi tari a bayan katanga, dillalin shanu zai yi ƙaryarsa.

Ranar da na fita takaba na hura wuta na yi tuwon gero da miyar kuka, na ɗauki kwanon da kaina na ajiye a cikin zaure, na buga ƙofar sau uku da gindin muciya, na koma ciki da sauri. Sai na ji takun Malam. Ya ɗauki kwanon ya fita da shi. A ƙarshe aka buɗe shi, kuma da suka gama suka yi wa Akawu doguwar addu'a. Ni ma na shafa daga inda nake.

Daga nan kullum haka. Sai dai yanzu ba albashi. Abin da 'ya'yana ke aiko mini na magani da cefane na mutum ɗaya ne, ni kuma ina raba shi takwas. Na sayar da akuya, na sayar da ta biyu. Na fara surka garin gero da na rogo, romon Lahadi ya koma na wata-wata, malmala ta ƙara ƙanƙancewa. Babbar 'yata ta gano, ta kira ni a waya tana faɗa, wai ina ciyar da mazan da kowannensu ke da matarsa, in tattara in dawo Sakkwato an gyara mini ɗaki. Na ce mata ɗakin nata yana da katangar da ake hira a bayanta? Ta ce ba ta gane ba. Na ce to ki bar ni. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Na san muddin kwanona na fita suna da dalilin zama a ƙofar, ranar da ya daina fita kuwa ba abin da zai zaunar da magidanta bakwai a ƙofar gidan da ba namiji.

Wata biyar ana haka. Wata Litinin da hantsi sai ga mai amalanke ya yi sallama, ya sauke buhun gero a zaure, ya ce mutanen ciyayya ne suka haɗa suka ce a kawo. Wato sun lura. Sun ji rogon a tuwo, sun ga malmalar, sun zauna sun yi maganata, wataƙila a wani wuri da ba katanga. Kunya ce ta fara rufe ni, sannan ta juye ta zama fushi. Kifin dattijon Kalmalo na karɓa shekara da shekaru don kwanonsa ne, wannan kuwa a idona sadaka ce, kuma daga mutanen da nake ganin ni ke ciyar da su. Na sa mai amalanken ya mayar da buhun kan amalankensa.

"Ka ce musu kwanon gidan ga bai taɓa hita da hatsin wani ba," na ce masa. "Ba yau za shi hwara ba."

Har na ji daɗin maganar a bakina, don ta fito yadda nake so. Da magariba na fitar da tuwo kamar kullum. Sun ci, ba hira, amma ba irin shirun da na sani ba ne. Kwanon ya dawo da malmala biyar. Talata da Laraba ma haka.

Ranar Alhamis da la'asar matar Malam ta shigo. Ta daɗe tana zagaye, tana tambayar kaji, tana yaba yakuwar da na shuka a bakin rariya, sannan ta ce ƙafa ce ta matsa wa Malam, ba ya iya takowa har nan, shi ya sa suka ce daga yau su koma ƙofar gidan Malam ɗin. Na ce mata jiya na ji takunsa lafiya lau. Ta dube ni irin duban da ta yi mini ranar talge.

"Matar Akawu, loma ba ta wuce musu," ta ce. "Kowa na gida nai na da mai nema, ke wa ag gare ki? Sun ga awakinki sun ƙare. Sun kawo hatsi don su samu bakin ci, kin maido. To mi kika so su yi?"

Na ce su yi abin da suka ga dama. Ta tashi ta tafi. Gidan Malam a ƙarshen lungu yake, bayan an sha kwana, ko ihu aka yi a can ba a ji a nan. Daren Alhamis ɗin na riga na ɗora tukunya, don haka na tuƙa, na kai zaure na buga ƙofa, don ban yarda da gaske suke ba. Ba wanda ya ɗauka. Juma'a na sake, Asabar na sake. Da safe in yanka tuwon in shanya, ko in ɗumama in ci har ya gundure ni. Na san abin da ya kamata in yi, in sa mayafi in je in ce Yaya na yi kuskure, tafiyar da ba ta kai minti uku ba. Sau biyu ina kaiwa zaure ina dawowa.

Ran Lahadi bayan magariba ina zaune a gindin katanga, tuwo na rufe a gabana, sai na ji sallama. Dattijon Kalmalo ne. A masallacin kasuwa yake sallarsa, ba ya riƙe waya, ba wanda ya tuna ya gaya masa. Ya tambaya ta zaure ina mutanen suke. Ban shirya abin da ya fito daga bakina ba.

"Yanzu za su hito, Baba. Ka zamna."

Na tura masa tabarma da buta, na tura kwanon, na ɗauki ƙunshin kifin da ya ajiye a bakin ƙofa. Ya zauna a kan dakali yana jira, don ba a buɗe kwano kafin jama'a su taru. Na koma wurina. Ina jin sa yana gyaran murya, yana kashe sauro a ƙafarsa, yana jan carbi, yana amsa gaisuwar masu wucewa. Wallahi daɗi na ji. Na san tsoho ne da ya wuni a rana, na san yunwa yake ji, na san ga abinci can ana ci a bayan kwana, amma na bar shi a zaune don kawai a samu mai numfashi a bayan katangata. Har aka fara kiran isha'i.

"Matar Akawu," ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, don ya san inda kafar take. "Ba su zuwa ko?"

"Ba su zuwa. Sun koma ƙohwar Malam tun ran Alhamis. Ƙarya niy yi maka."

Na ɗauka tafiya zai yi. Sai na ji ƙarar ruwan buta, na ji an ɗaga murfi, ya yi bisimilla. Ni ma na yi. Muka ci, shi a waje ni a ciki. Da ya gama ya rufe kwanon ya tura shi zaure, ya yi godiya, ya ce Lahadi mai zuwa can zai je, don bai kamata a riƙa ganinsa shi kaɗai a ƙofar nan ba. Na ce na sani. Ya ce yanzu zai biya ta wurin Malam kafin ya nemi mota, ko akwai saƙo.

Ban taɓa jin magana ta yi mini nauyi a baki irin wannan ba.

"Ka ce ma Malam a maido geron. Ina amsa."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. A ganina na faɗi komai: na karɓi hatsinsu, su dawo su ci tuwonsa a inda suka saba.

Litinin da hantsi mai amalanke ya dawo, wannan karon da buhu biyu. Na kai tiya biyu injin niƙa, na share dakalin da kaina tun da sauran rana, na yayyafa ruwa, na daka kifin jiya, na yi tuwon gero zalla ba ko ƙwayar rogo. Da aka sallame magariba na kai kwanon zaure na buga ƙofa sau uku. Na ji mutane na wucewa daga masallaci, na gane tarin dillalin shanu, ya wuce ya sha kwana.

Da matar Malam ta zo bayan kwana biyu, fuskarta a sake, ta ce mutanen sun ji daɗi ƙwarai da na sauko, don abin da ke damunsu ke nan, kada in kwana da yunwa ina ɓoyewa. Yanzu hankalinsu ya kwanta. Ta ce in buhun ya ƙare in yi magana kawai. Na buɗe baki in ce mata ba yunwa ce ta sa na aika ba, sai na ga ban san yadda tsohuwa za ta ce tana son mazan mutane su dawo su yi tari a bayan ɗakin girkinta ba. Na ce ta yi musu godiya.

Gero ne mai kyau, sabon sussuka, ba tsakuwa ba ƙwaro. Shekara ɗaya da wata huɗu na yi ina cin sa ni kaɗai.